Digirin Digirgir a Bakin Duron Gumi

Ƙannena da ɗalibaina sun sha tambayata, wai me mutum yake samu a digirin digirgir na fannin zamantakewa? Likita ana ganin aikinsa a asibiti, injiniya ana hawa gadarsa, mu fa? Tambayar ba ta raini ba ce, don haka zan amsa ta da labarin kaina, tunda shi na fi sani.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Bunkure, yankin da ruwan Tiga yake ratsawa. An gama dam ɗin a 1974, kafin a haife ni, saboda haka ban san garinmu babu kanal ba. A bakin manya muke jin labarin zamanin da in an gama kaka maza ke watsewa ci-rani. Mu mun buɗe ido mun tarar noma ba ya tsayawa: alkama da tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina. Baba malamin zaure ne, yana da 'yar gonarsa a cikin aikin noman rani na Kadawa. Inna kuwa gumin shinkafa take yi. Da kuɗin gumi aka saya mini akwatin ƙarfe ranar da zan tafi makarantar kwana, da shi aka biya mini kuɗin jarrabawa, da shi aka yi mini kayan ɗaki.

Wani hutu ina gida, wasu masu ɗaukar bayanai suka yi sallama. Maza ne, a zaure suka tsaya. Ina bayan ƙofa na ji sun tambayi Baba sana'ar iyalinsa, ya ce, "Tana gida." Suka rubuta ba ta da sana'a. A daidai lokacin hayaƙin duron Inna yana fitowa ta saman katanga yana shiga idonsu. Baba bai yi ƙarya ba, su ma abin da aka gaya musu suka rubuta, amma takardar da suka tafi da ita ba gaskiya ba ce. Wannan abu ya zauna mini a rai har na gama digirin farko a fannin Soshiyoloji, wato ilimin zamantakewa, a Jami'ar Bayero, na fara koyarwa a wata kwalejin ilimi, na yi aure, na yi digiri na biyu. A 2018 na samu gurbin digiri na uku a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, da tallafin asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman manyan makarantun gwamnati.

Littafin ƙa'idojin da aka ba mu ya faɗi abin da ake son a gani a jikin mai wannan digiri: ya san fanninsa har bakin iyakar abin da aka sani, ya iya tsara bincike ya gudanar da shi da kansa, sannan ya ƙaro wani abu da ba a sani ba kafin shi. Mafi ƙarancin lokaci shekara 3. A takarda layi kaɗan ne.

Farfesan da ke duba aikina dattijo ne mai ƙarancin magana, jan bironsa ke yi masa surutu. Tambaya biyu yake yawan rubutawa a gefen takarda: "Wa ya ce?" da "Ta ina ya sani?" Akwai maganar da rahotanni da yawa suke maimaitawa, cewa kulle ya hana matan Arewa neman na kansu. Da muka zo kanta sai ya ajiye biron ya ce, "Malama, ke da kika tashi a gidan gumi, kin yarda da wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yarda ba." Ya ce, "To rashin yardarki ba hujja ba ce. Je ki nemo."

Neman ne ya kai ni ga Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, daga baya ta yi aiki a Dorayi. Tun a 1969 ta rubuta maƙala a kan cinikin hatsi da matan kulle ke yi daga ɗaki zuwa ɗaki, yara na kai-kawo a tsakani. Wato abin da nake ji kamar ni kaɗai na gani, an rubuta shi tun Inna tana yarinya. Amfanin dogon karatun abin da magabata suka rubuta ke nan, wanda ɗalibai suka fi ƙi: ya hana ka ɓata shekaru kana gano abin da aka riga aka gano. Sai tambayata ta matse. Ba batun ko mata suna sana'a ba ne. Me ke faruwa da sana'ar cikin gida idan ruwan dam ya zo, injin casa ya zo, manyan kamfanonin shinkafa suka zo, gwamnati kuma ta sa hannu a kasuwa?

Manyan masanan fanninmu, Marx da Weber da Durkheim, duk mun haddace su tun a digirin farko, har da Ibn Khaldun da aka haifa a Tunis a 1332. A wannan matakin hadda ba ta da kasuwa. Abin da ake so ka san wane ra'ayi ne zai yi maka aiki, kuma a ina yake karyewa. Na ɗauki ra'ayin Keith Hart, wanda daga bincikensa a Akara ta ƙasar Gana aka fara maganar tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, a farkon shekarun 1970. Ya raka ni har ƙofar gida, daga nan ya tsaya, domin a cikin gida ɗaya za ka samu mace mai jarin kanta da mai aikatau, hayaƙi ɗaya suke sha amma duniyarsu daban. Da nake yi wa Baba bayanin yadda kowace magana sai an jingina ta ga wanda ya faɗa da inda ya samo, sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe ku ma kuna da isnadi." Tun daga ranar ya daina kiran karatun nawa yawo.

Fita fili ita ce makarantar gaske. Kafin ka taka gidan kowa sai ka bi ta hakimi, ka sauko wurin dagaci, ya haɗa ka da mai unguwa, maigida ya yarda, sannan uwargida ta ga dama. Kasancewata mace ya buɗe mini ƙofar da namiji ba zai wuce ba. Kasancewata 'yar gari kuwa kaifi biyu ne: ana sakin jiki da ni, amma ana tsoron kada magana ta koma kunnen dangi. Shi ya sa yawancin aikin na yi shi a ƙauyukan Kura da Garun Malam, ba a garinmu ba.

Littattafan koyar da bincike suna cewa ka samu jerin sunayen mutanen gari, ka zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a don kada son rai ya shiga. Ina jerin yake? Rabon ƙasar nan da ƙidaya tun 2006. Da ƙafa muka bi lungu-lungu ni da wata ungozoma, muna lissafa gidaje, sannan aka yi ƙuri'ar. Nan ma sai wata matsala ta taso: zaure ɗaya kan iya ɗaukar magidanta huɗu ko biyar. Sai na bi ma'aunin da masana suka daɗe suna bi a ƙasar Hausa, masu ci daga tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya. Ko a haka ma tukunya ce ɗaya, lalita kowa da tasa. Kuɗin mace nata ne, shari'a ta ba ta, kuma kishiya ba ta sanin jarin kishiya. Wanda ya tara matan gida wuri ɗaya ya tambaye su jari, gaisuwa kawai zai kwasa.

Ga kuma batun tallafi. Duk wanda ya shiga ƙauye da biro da takarda, rajistar tallafi ake ɗauka ya zo yi. "Hajiya, a rubuta ni" ita ce gaisuwar farko. Ban ga laifinsu ba, an sha zuwa an rubuta. Amma sakamakon shi ne kowa sai ya talauce a takarda, mai akuya goma ta koma ba ta da ko kaza. Tambayar "nawa kike samu a wata?" ba ta da amsa a can, ko da mutum ya so faɗa, don ba wanda yake lissafi da wata.

Sai na koma zama a bakin duro. Da yamma ake jiƙa shanshera a ruwan ɗumi ta kwana. Da asuba a tsame, a zuba a rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta da kara ko itace ko buntu, har tururi ya ratsa ta bakin ƙwayar ya tsage. A kwashe da zafinta a baza a tamfol ko a siminti, yarinya na bi tana ja da ƙafa tana korar kaji da awaki. In ta sha iska a kai inji, a dawo a bakace, a tsince tsakuwa. A nan ne lissafi yake fitowa da kansa, ba tare da na ambaci riba ba: nawa aka sayo buhu, kwano nawa ya fita bayan casa, na nawa aka ƙona itace, nawa mai inji ya karɓa, nawa ɗan dako, wa ke da buntun da karyayyar da ta rage. Wata tsohuwa da kowa ke ce wa Iya ta gan ni ina ta leƙa duro ina rubutu, ta ce, "Ke 'yar nan, kin tsare tukunya. Riba ai a rana take." Ta ɗebo ƙwaya ta ciza ta nuna mini. In shanya ta wuce kima, shinkafar ta farfashe a inji. In hadari ya rutsa ta ba ta bushe ba, ta yi duhu ta yi wari, farashi ya faɗi. Daga wannan maganar na gane cewa mai faɗin tsakar gida da tamfol ta fi mai babban duro, kuma filin shanya ya shiga cikin abubuwan da nake aunawa. Babu littafin da ya gaya mini haka.

Ina tsakiyar wannan, a watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Dama tun 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa canjin dala a farashin hukuma, aka kuma ƙaddamar da shirin bashin manoma a Kebbi a ƙarshen shekarar. Shinkafar gida ta yi daraja, shanshera ma ta yi tsada. Tsarin binciken da aka amince mini bai san da wannan ba. Na kira Farfesa hankali a tashe, ya ce, "Malama, wasu shekaru suke jira abu ya faru a gabansu. Ke ga shi ya faru. Koma gidajen da kika shiga, ki sake tambaya." Na koma. Abin da na gani a gidajen da na bi shi ne masu jari mai ɗan kauri sun samu, masu ƙaramin jari kuwa buhu ya fi ƙarfinsu, da dama suka koma yi wa 'yan kasuwa aikatau ana biyansu a kan kowane buhu. Mai kallo daga waje zai ce sana'a ta bunƙasa, don hayaƙi ya ƙaru. Sai ka tambayi shinkafar wa ke cikin duron.

Akwai abin da jami'a ke kira ɗa'ar bincike, ni amana na ɗauke shi. Ƙa'ida ta ce kowa sai ya sa hannu a takardar amincewa. Matar da aka taɓa sa mijinta dangwale ya wayi gari da bashi a kansa, in ka miƙa mata takarda ka gama da ita. Na koma gaban kwamitin jami'a na nemi a yarda da amincewa ta baki a gaban shaida, na kawo dalilai, aka yarda. Wasu matan sun ƙi a naɗi muryarsu, na kashe rikoda na riƙe a ka, in na fito na zauna a gindin bishiya na rubuta. An gaya mini abubuwan da ko miji bai sani ba: adashin da ake zubawa a ɓoye, tunkiyar da aka ba wata 'yar'uwa kiwo a wani gari, bashin da mace ta ba mijinta ta hannun wani ba tare da ya san kuɗinta ba ne. A kundina ba sunan mace ko ɗaya, sunayen ƙananan ƙauyukan ma na sauya. Wata rana wani maigida ya tare ni a zaure, cikin raha amma da gaske yake, ya ce, "Malama, nawa ta ce miki tana da shi?" Na ce, "Alhaji, ai kai ma abin da ka gaya mini ban kai mata ba." Ya yi dariya ya ba ni hanya.

Lissafi shi na fi jin tsoro tun ina sakandare, ga shi ba makawa. Na koyi SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, da dare, bayan yara sun yi barci, wani lokaci da cajin da na biya a shagon mai sola. Danna maɓalli kowa zai iya. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne sanin abin da alƙaluma ba su faɗa ba. Misali, sun nuna mini cewa a gidajen gumi 'yan mata sun fi fashin makaranta. Da a ce rahoton gaggawa nake rubutawa, sai in ce gumi na hana karatu, a buga, a tafa. Da na raba gidajen gida biyu sai hoton ya sauya: fashin ya taru ne a gidajen aikatau, inda galibi maigida ya rasu ko ba shi da gona, ba kuma halin ɗaukar mai taya shanya. A gidajen masu jari, kuɗin gumin ne ma ke sayen littafi da rigar makaranta, kamar yadda aka yi mini. Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Kowa ya san wannan a baki, amma sai ka ga mai digiri ya manta da shi ranar da sakamakon ya yi daidai da abin da ransa ke so.

Korona ta zo a 2020 aka kulle Kano, malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki a shekarar, suka sake yin na wata 8 a 2022. Na haihu a tsakani. Shekara 3 ta takarda ta kusa ninkawa. Maigidana Allah ya saka masa, ya sha zaman mota a bakin ƙauye yana jira, ƙanwata kuma ta yi raino kamar ita ta haifa. Duk matar da ta ce ita kaɗai ta yi wannan karatu da goyo, a tambaye ta da kyau.

Rubutu kuwa sai da na koyi yankewa. Hira mai daɗi wadda ba ta amsa tambayar bincike, waje. An tace kundin a manhajar Turnitin don gudun satar fasaha, na buga maƙaloli a mujallu inda waɗanda ban sani ba suka yi mini fata-fata kafin su karɓa. Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni ko abin da na samu ya shafi duk matan Arewa. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ya shafi ƙauyukan da ke kan ruwan kanal a ƙananan hukumomin da na yi aiki, a shekarun da na yi. Wanda ke son ya san na Auyo ko na Argungu sai ya je can. Ya gyaɗa kai ya wuce tambaya ta gaba. Daga baya Farfesa ya ce mini wannan a'ar ita ce ta fi komai nauyi a zaman.

Ba zan yi wa kowa romon baka ba. Digirin bai sa na yi kuɗi ba, ƙarin matsayi ne a wurin aiki da ƙarin nauyi. Na san kundaye da yawa da ƙura ke ci a kan kanta, na kuma san akwai masu biya a rubuta musu. Irin waɗannan da an zauna da su minti kaɗan ake ganewa, don ba sa iya cewa ga inda maganata ta tsaya. Abin da na fito da shi a hannu shi ne in an ajiye mini rahoto, na kan gane wa aka tambaya, wa aka tsallake, a zaure aka tsaya ko an shiga ciki. Ina iya ɗaukar damuwa in mai da ita tambayar da za a iya bincikawa, in tsara kasafinta, in horar da masu taya ni, in rubuta sakamakon iri biyu, na masana da na shugaban ƙaramar hukuma da ba shi da lokacin shafi ɗari uku. Wata ƙungiya ta zo da shirin raba wa mata tukwanen gumi na zamani ta hannun magidanta, suka nemi shawarata. Na ce su fara tambayar wa ke da shanshera da wurin shanya, kuma su bi ta uwayen adashi. Sun ɗauki rabin maganar.

Bayan an gama komai na koma na karanta wa matan abin da na rubuta, da Hausa, a makarantar Islamiyyar matan aure da dare. Suna ji suna dariya. Iya ta ce, "Yo duk wannan ai mun sani, shi kika yi shekaru kina nema?" Sai da na zo inda na kwatanta ladan aikatau gari da gari ɗakin ya yi tsit. Ba su san cewa a ƙauyen da ke gaba, ɗan kasuwa ɗaya yana biyan buhu fiye da yadda yake biyansu ba. Kowace ta san gidanta fiye da ni, amma ba wadda ta shiga gidajen da na shiga. Na ji daga baya sun haɗa baki sun nemi ƙari, an ba su wani abu, bai kai yadda suka nema ba.

Yanzu manyan injina suna turara shinkafarsu da kansu, dillalansu na saye tun daga bakin gona. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tsayar da adashi a gidaje da yawa, cire tallafin mai a watan Mayun shekarar ya ƙara kuɗin inji da na dako. Wasu durukan da na sani an kife su. Jarin bai ɓace ba, ya koma wani wuri ne, ko kiwo, ko ƙuli-ƙuli, ko hannun 'ya'ya maza masu sayar da kaya a waya. Ina da ɗaliba 'yar Kura da ta fara digiri na biyu a kan wannan, da kakar bana za mu shiga gidajen tare, ita ce za ta riƙa tambaya.